Akwatin 8085, tsohon littafin Z80 da allon Arduino: wanne za a saya?

Wani ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ya rubuto daga Kaduna: "A wannan zangon muna darasin furosesa 8085. Malam yana rubuta MVI A,05H a allo, amma a ɗakin gwaji sai a ce mu danna 3E 05. Wanne ne shirin na gaskiya? Kuma na ga ana tallar akwatin koyon 8085 mai madannai, shin in tara kuɗi in saya?"

Ɗan'uwa, duka biyun abu ɗaya ne. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ta san harafi ba, lamba kawai take ɗauka daga ma'ajiya. Idan ta ɗauko 3E, wato 00111110 a lissafin sifili da ɗaya, an ƙera ta ne ta gane cewa lambar da ke biye za ta zuba a rijistar A, wani ɗan gurbin ajiye lamba a cikin furosesar kanta. Wannan shi ne harshen inji. MVI A kuwa suna ne da kamfanin Intel ya laƙaba wa 3E don kada ɗan Adam ya haukace wurin haddace lambobi, kuma tarin waɗannan sunaye shi ake kira harshen asembili. Kusan kowane layi na asembili umarni ɗaya ne na inji: ADI 03H ya zama C6 03, HLT ya zama 76. Abin da kuke yi a ɗakin gwaji, ku duba jadawali ku juya suna zuwa lamba, shi ne aikin manhajar da ake kira asembila, ku dai da hannu kuke yi.

Inda za ka ji daɗin asembila shi ne wurin adireshi. A ce shirinka ya fara daga adireshi 2000. MVI C,0AH ya ci gurbi biyu, 0E da 0A. DCR C, wato 0D, mai rage ɗaya daga rijistar C, ya zauna a 2002. Sai JNZ da zai mayar da kai 2002 muddin C bai kai sifili ba, shi kuma ana rubuta shi C2 02 20. Ka lura 02 ne ya riga 20, domin 8085 tana fara karɓar ƙaramin ɓangaren adireshi kafin babban. Nan ne ɗalibai suka fi zubar da maki a jarrabawa. To, yanzu ka ƙara umarni ɗaya kafin DCR C. Komai ya matsa ƙasa, kuma dole ka bi duk wani tsalle ka sake lissafa adireshinsa. A asembili kuwa suna kawai za ka sa wa layin, ko MAIMAITA ko duk abin da ka ga dama, manhaja ta yi maka ƙirgen.

Batun saye: kada ka saya. Tunda makarantarku na da akwatin, ka riƙa shiga kana danna shi a can. A gida ka sauke GNUSim8085, kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux, kuma za ta nuna maka kowace rijista tana canzawa umarni bayan umarni, abin da ƙananan fitilun akwatin ba sa nunawa sai ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Amma ka juya gajerun shirye-shirye biyu ko uku da biro da takarda tukuna, sannan ka gwada da abin da manhajar ta fitar. Da zangon ya ƙare akwatin nan ƙura zai riƙa sha a ƙarƙashin gado.

Wata baiwar Allah daga Zariya ta ce ta tarar da tsohon littafin koyon furosesar Z80 a wurin masu sayar da littattafai a ƙasa, da araha, ƙanenta kuma 8085 yake karantawa. Zai amfane shi?

Malama, zai amfane shi rabi da rabi, kuma dalilin yana da daɗin ji. Federico Faggin, wanda ya jagoranci aikin 8080 (furosesar da ta riga 8085) a Intel, ya bar kamfanin a 1974 ya kafa Zilog tare da abokin aikinsa, suka fitar da Z80 a 1976. Sun ƙera ta yadda za ta gudanar da shirye-shiryen 8080, amma sunayen umarnin suka sa nasu. Shi ya sa a littafin nan za ki ga LD A,05H a inda ƙanenki ya saba da MVI A,05H, alhali duka biyun 3E 05 suke fitarwa. Kamar mutum ne da ake kira da suna ɗaya a gida, da wani a makaranta.

Matsalar ita ce 8085 da Z80 kowacce ta yi wa 8080 nata ƙarin daban. Lamba 20 a 8085 umarnin RIM ne, a Z80 kuma tsalle ne mai suna JR NZ. Z80 tana da tarin umarni da 8085 ba ta san da su ba. In kuɗin bai taka kara ya karya ba ki saya masa, ya karanta bayan jarrabawa. Kafin jarrabawa ruɗa shi zai yi.

Tambaya ta uku daga wani mai gyaran rediyo da talabijin ce a Maraɗi. Yana da allon Arduino Uno, ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa shiri, yana son koyon asembili, ya kuma ji ana yabon furosesar 6502. Ya yi odarta ne daga waje?

Maigida, 6502 ta cancanci yabon. Kamfanin MOS Technology ya fitar da ita a 1975 a kan dala 25, lokacin da takwarorinta suka ninka haka sau da yawa, kuma ita ce a cikin kwamfutar Apple II. Umarninta 56 ne kacal, mutum zai iya riƙe su a ka. LDA #$05 ya zama A9 05. Ka ga aikin da 3E 05 ke yi a 8085 ke nan, amma lambar ta sha bamban, don kowane gidan furosesa da nasa harshen inji. Har yau Western Design Center na ƙera jikanyarta, W65C02S.

Sai dai furosesar kaɗai ba ta yin komai. Za ka nemi ma'ajiyar wucin gadi, da EEPROM (ma'ajiyar da ke riƙe shiri ko an ɗauke wuta), da na'urar rubuta mata shiri, da agogon da ke tsara mata gudu, da tulin wayoyi, ga kuɗin aikowa. Tsofaffin 6502 da Z80 da ake sayarwa da arha a intanet kuma akwai waɗanda aka ɓamɓaro daga matattun na'urori aka sake musu rubutu. Zilog ma ta sanar a 2024 cewa ta daina ƙera Z80 ta asali.

Abin da ke hannunka ya isa ka fara. A cikin Uno akwai furosesa mai suna ATmega328P, mai rijista 32 da gudun megahaz 16, ma'ajiyarta duk a cikinta. Rubuta ƙaramin shirin kunna fitila da kashe ta kamar yadda ka saba, sannan ka yi amfani da ƙaramar manhajar avr-objdump, wadda ke zuwa tare da manhajar Arduino, ka buɗe fayil ɗin da ta haɗa. Za ka ga lambobin inji a hagu, sunayen asembili a dama, kamar LDI r16,5 da ke zama E005 (a allon za ka ga 05 kafin e0, irin juyin nan da na faɗa wa ɗalibin Kaduna). Idan bayan wata biyu har yanzu ranka na kan 6502, ka sayi sabuwar W65C02S daga dillalin da aka sani, tunda kai dama ka iya riƙe ƙarfen dalma.