Rijiyoyin fadama na ƙafewa tun Maris

Malam, ka tambaya ko ku roƙi ƙaramar hukuma ta haƙa muku rijiyoyi masu zurfi, tunda na fadamarku suna ƙafewa tun watan Maris. Ni dai ban ba ku wannan shawarar ba. Ku fara samun sashen noma na ƙaramar hukuma, tare da mai unguwa da sarkin noma, su sa tazara tsakanin rijiyoyi, su kuma raba muku lokacin ban ruwa.

Dalili kuwa, injin ban ruwa na fetur ba ya iya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 ko 8, komai tsawon bututun. A fadamarmu ta bakin kogin Haɗeja, maƙwabcina ya kafa tasa rijiyar taku 20 daga tawa. Duk ranar da muka tayar da inji tare, nawa sai ya riƙa tari yana feso yashi, albasa tana yaushi ina kallo. Da muka koma karɓa-karɓa, shi safe ni yamma, ruwan ya kai mu girbi. Amma in kogi bai yi ambaliya ba a daminar, ku rage faɗin shuka tun Nuwamba, don ambaliyar ce ke cika ruwan ƙarƙashin fadama.