Zan iya canza kulocin 350Z ɗina da kaina, in yi wa salansa walda a gida?

Tambaya:

Assalamu alaikum Oga, barka da aiki. Ina da Nissan 350Z ƙirar 2007 mai giyar hannu, 'yar Amurka ce, bara na saye ta. Yanzu in na taka totur a giya ta huɗu ko ta biyar sai injin ya yi ta ihu amma motar ba ta ƙara gudu, wani lokacin kuma in ta ɗau zafi a cunkoso sai fedar kuloci ta maƙale a ƙasa sai na sa ƙafa na ɗago ta. Ga salansa kuma tana huci ta ƙarƙashi. Ni nake canza baƙin mai da birki da kaina, ina da jak da sifanoni, akwai kuma injin waldar ƙofofi na yayana a gida. Don Allah zan iya haɗa aikin biyu in yi da kaina ranar Asabar da Lahadi?

Daga wani mai karatu a Kaduna

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa alheri. Kai tsaye: kulocin za ka iya, in ka samu mutum ɗaya mai ƙarfi ya taya ka kuma ka yarda aikin zai iya cin fiye da kwana biyun da ka ware. Waldar kuma da wannan injin na yayanka, a'a, ban ba ka shawara ba. Aikin kuloci ƙarfi ne da haƙuri da bin tsari, duk mai canza birki da kansa zai iya koyonsa a tashin farko. Waldar siririn bututu kuwa hannu take so, kuma hannu ba ya samuwa ranar Asabar ɗaya.

Toh bari mu fara da abin da ke damun motar, don matsala biyu ka faɗa ba ɗaya ba. Injin ya yi ihu mota ba ta tafiya a babbar giya, wannan santsin kuloci ne, fatar dis ɗin ta cinye ko kuma mai ya ɗiga a kanta. Amma fedar da ke maƙalewa a ƙasa in an ɗau zafi wani abu ne daban, na ɓangaren man kuloci ne. 350Z ta 2003 zuwa 2006, masu injin VQ35DE, ƙaramar silindar da ke tura kuloci a waje take manne da jikin giyabos, ka kwance noti biyu ta fito. Daga 2007 da suka koma injin VQ35HR sai suka mayar da ita ciki, haɗe da boris ɗin da ke danna filet, wato farantin da ke matse dis, tana zagaye da sandar giyabos. Kuma wannan silindar ta ciki ta yi suna wajen mutuwa, har a 370Z da ta biyo baya. Ma'ana ba yadda za a yi ka taɓa ta sai ka sauke giyabos gaba ɗaya. Don haka wallahi kar ka kuskura ka sa sabon dis da filet ka mayar da tsohuwar silinda don ka rage kuɗi, bayan wata biyu za ka sake kwanciya a ƙarƙashin motar nan ka maimaita komai daga farko saboda abu ɗaya ƙarami. Ta sama ma, wadda ke jikin feda, in da hali ka canza ta tare.

Wajen sayen kaya ka buɗe ido sosai. Kulocin DE da na HR ba sa shiga wa juna, in ka je Panteka ko ka aika Apo a Abuja ko Ladipo a Legas kar ka ce "na 350Z" kawai, ka faɗi shekara da sunan injin, in son samu ne ma ka bari sai ka kwance naka ka ɗauka a hannu a gwada. Kuma kuloci ba kayan da ake saye na hannu ba ne, ba ka san wanda ya ƙona shi kafin ya iso ba. Fulawil ɗin motar nan, wato faifan ƙarfen bayan injin da dis ke kamawa, irin mai hawa biyu ne da sifirin a tsakani, shi yake shanye girgizar injin. In ka buɗe ka ga fuskarsa ta yi tabo shuɗi-shuɗi da ƙananan tsagu, ko ka murɗa rabin saman da hannu ka ji yana lilo sosai yana ƙwas-ƙwas, to ya gama aiki, kuma irinsa ba a cika kai shi a goge fuska ba, canzawa ake. Da yawa suna komawa mai hawa ɗaya mara nauyi, injin zai riƙa tashi da sauri, yana da daɗi ba ƙarya, amma ka sani in mota tana tsaye a kunne za ka riƙa jin ƙarar kacakaca daga giyabos. Ba lalacewa ba ce, halinsa ne, wasu dai ba sa iya jurewa.

Yanzu maganar da ta fi komai muhimmanci a wurina, yadda za ka ɗaga motar. Z ƙasa-ƙasa take sosai, kuma giyabos ɗinta mai giya 6 ya haura kilo 50, sai ka ɗaga ta sama da kyau kafin ya samu hanyar fitowa. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin mota a kansa. Bulo kuma ba ya gargaɗi, fashewa yake lokaci guda. Ƙafafun ƙarfe huɗu na tokare mota kake buƙata, a kan daɓen siminti mai tauri ba ƙasa ko yashi ba, ka girgiza motar da ƙarfi kafin ka shiga, ka kuma tura tayoyin da ka cire ƙarƙashinta. In ba ka da su, ka nemi gareji mai rami ka biya su kuɗin wuri, aikin dai kai za ka yi da hannunka. Ina roƙonka kar ka yi wasa da wannan, mutane sun rasa rai a kan abin da bai kai kuɗin tayar mota ɗaya ba.

Tsarin kwancewa ba wani sirri a ciki. Cire kan batir, cire sandar giya ta cikin mota, sauke salansa daga bayan katalis, juye man giyabos tukuna in ba haka ba yana zubo maka ta baya da zarar ka zare farfela, kuma kafin ka kwance farfelar ka sa fenti ka yi alama a inda ta haɗu da difaranshal don ta koma yadda take. Sitata da wayoyi, sannan akwai ɗan sansan kiranshaf da ke leƙa fulawil, ka cire shi da wuri ka ajiye a gefe don saurin karyewa gare shi. Notikan saman giyabos su ne masu ba da wahala, ba ka ganin su, sai ka ɗan sassauto bayan giyabos ƙasa a kan jak ka haɗa dogayen sanduna biyu ko uku a soket ka miƙa daga can baya. Tun daren Juma'a ka feshe duk notikan salansa da man sassauta tsatsa. Motocin Amurka da suka fito daga jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, notikansu sun zama dunƙulen tsatsa, nan ne rabin ranarka zai tafi.

In giyabos ya rabu ka ja shi baya a miƙe, kar ka bari nauyinsa ya rataya a kan dis. Ƙurar ciki kar ka hura ta da iska ko baki, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma. Sai ka haska tocila a bayan fulawil, in ka ga danshin baƙin mai to sil ɗin bayan injin yana yoyo, canza shi yanzu, in ba haka ba sabon dis ɗin ma zai jiƙe ya fara santsi. Akwai ƙaramin bushin tagulla a tsakiyar kiranshaf inda kan sandar giyabos ke zama, shi ma a canza. In ba ka da abin zaro shi, ka cusa giris ko ma ɓargon burodi a ramin ya cika tam, ka samu ƙarfe daidai faɗin ramin ka buga da guduma, ka ƙara cusawa ka ƙara bugawa, za ka ga bushin yana turowa waje da kansa kaɗan-kaɗan.

Wajen mayarwa ne ake yin ɓarna. Fulawil ɗin VQ yana ɗauke da haƙoran da sansa ke karantawa don sanin lokacin ba da wuta, akwai ɗan fil a jikin kiranshaf da dole ya shiga ramin da ya dace, in ka saɓa sai ka gama haɗa komai ka murɗa makulli mota ta ƙi tashi. Ka duba wannan sau biyu. Sabon filet yana zuwa da man hana tsatsa a fuska, ka wanke shi tas. Dis yana da gaba da baya, an rubuta ɓangaren da ke kallon fulawil. Ka yi amfani da 'yar sandar robar da ke zuwa cikin kwali ka daidaita dis a tsakiya, sannan ka ɗaure notikan filet kaɗan-kaɗan kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, da sifana mai auna ƙarfi, adadin kowanne yana cikin littafin gyaran motar, ba aikin "na ji ya ɗauru" ba ne. Kuma in giyabos ya ƙi shiga saura ɗan yatsa biyu, kar ka ce za ka jawo shi da noti, haka ake fasa kunnen giyabos ko a lanƙwasa dis. Ka sa giya, ka ɗan juya sandar baya, ka girgiza, in haƙoran suka haɗu da kansa zai zauna. Man giya GL-4 75W-85 take sha, kusan lita 3, ka guji GL-5 na difaranshal. Fitar da iska daga layin kuloci kuma a wannan motar sai da haƙuri, mutum biyu, man birki sabo daga rufaffiyar kwalba, ku yi ta yi har feda ta yi tauri.

Sai salansa. Tunda dole ka sauke ta don aikin kuloci, ka ga rabin matsalar ta warware, ba dalilin yin walda a jikin mota kenan. Tankin man Z yana bayan kujeru a saman farfela, bututun kuma ta ƙarƙashinsa yake bi, ga layukan mai ga wayoyi, ga ƙwaƙwalwar mota da wutar walda kan iya ƙonawa in an maƙala wayar at, wato wayar injin walda da ake maƙalawa a jikin ƙarfe, nesa da wurin aiki. Kafin ka sauke dai ka tada injin da sanyi ka gano inda take huci, yawanci za ka ga baƙin toka a wurin. A 350Z an fi samun sa a saƙaƙƙen wurin nan mai lanƙwasa na bututun da ya haɗe biyu zuwa ɗaya, ko a bakin mahaɗa inda gasket yake. In gasket ne ma ai ba walda, sabo za ka sa. In saƙaƙƙen ne, ba a like shi, yanke shi ake a sa wani, kuma kar ka yarda a sa maka miƙaƙƙen bututu a madadinsa, motsin injin zai koma ya tsaga wani wuri.

Abin da ya sa na hana ka injin yayanka: kaurin bututun salansa bai fi milimita ɗaya da rabi ba yana sabo, balle wanda tsatsa ta ci. Sandar waldar ƙofa tana taɓa shi zai huje, ka ce bari in cike ramin ya ƙara faɗi, kamar ɗinkin tsohon zane, kana kama nan yana yagewa can. Ga wutar gida da ke hawa da sauka. Ka ɗau bututun ka kai wa mai waldar agon, ko mai injin waya, ka ce ya yanke har inda ƙarfe mai rai yake. Ka tafi da maganaɗisu: in ya kama sosai to irin ƙarfen kamfani ne ko baƙin ƙarfe, in da kyar yake kamawa to silba ce, wato ƙarfe mara tsatsa, mai lamba 304 irin ta salansar kwalliya, ita sandar 308L take so, in kuma za a haɗa ta da baƙin ƙarfe sai 309L. Ka yi layin fenti a kan bututun kafin a yanka don kusurwar ta dawo daidai, in ta karkace ko kaɗan ba za ta hau robobin rataya ba. Wani abu kuma, in ka wanke bututun da feshin wanke birki, ka faɗa wa mai waldar, wasu irinsa masu sinadarin kulorin in wutar walda ta taɓa su suna fitar da iska mai guba sosai. Gara a goge da burushin ƙarfe kawai.

Kuma kar ka ci gaba da yawo da ita a haka kana cewa ƙara ce kawai. Hayaƙin yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, motar kuma 'yar ƙarama ce mai kujera biyu, ka rufe gilas ka kunna esi a cunkoso sai ciwon kai da jiri, wani ma barci ke ɗaukarsa. In kana sha'awar koyon walda, madalla, ka karɓo guntayen bututu a wurin mai waldar ka yi ta gwadawa a tsakar gida da hular walda ta gaske, ba baƙin tabarau ba.

Bayan an haɗa komai, ka sa ruwan sabulu a kan waldar da mahaɗu injin yana sanyi, ka tada, in ya yi kumfa to da saura. Sabon kulocin kuma ka lallaɓa shi kamar kilomita 800 na tuƙin cikin gari mai yawan canza giya, ba figa ba juyi ba ƙona taya, kuma ka riƙa leƙa kofin man kuloci kowace safiya a satin farko, in yana raguwa to akwai inda yake yoyo, ka duba mahaɗar layin da ke gefen giyabos kafin ka zargi sabuwar silindar.