Me zan sa a madadin giyar inabi a girki? Kuma yaya zan yi da sanyin Ingila?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Na koma Mancesta wurin maigidana a bana. Girke-girken da nake son gwadawa, musamman naman da ake dafawa a hankali, kusan duk sai su ce a zuba giyar inabi. Me zan sa a madadinta wanda zai daɗe a ajiye bai lalace ba? Sannan sanyin nan ya fara gallabata.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki yarda da masu cewa barasar tana ƙonewa ƙurmus a wuta. Binciken da ma'aikatar noma ta Amurka ta ɗauki nauyi, aka wallafa a 1992, ya nuna bayan minti 15 na tafasa kusan kashi 40 cikin 100 na barasar yana nan, bayan awa biyu da rabi ma kashi 5 ya rage.

Aikin giyar a tukunya uku ne: tsami, ɗan zaƙi, da ruwan da zai kankare ƙanzon naman da ya kama gindin tukunya bayan suya, wanda a nan daɗin miyar yake. In kin samar da waɗannan, kin gama.

Inda aka ce jar giya, zoɓo ne gwanin. Ki jiƙa busasshen zoɓo cikin tafin hannu a ruwan zafi kofi ɗaya na minti goma, ki tace, ki sa rabin ƙaramin cokali na sukari ko zuma, ki haɗa da romon nama. Zai ba ki launi da tsamin da ake nema, kuma ya dace da naman sa da na rago sosai. Amma kada ki sa masa kanwa, za ta kashe tsamin. Busasshen zoɓo a kwalba mai murfi, nesa da danshi, yakan yi shekara lafiya, kuma shagunan 'yan Afirka da na Larabawa suna sayar da shi. Larabawa karkade suke ce masa. Tsamiya ma haka, sai dai ta fi ƙarfi, ki fara da kaɗan ki ɗanɗana.

Inda aka ce farar giya, a kaza ko kifi, ki ɗauki romon kaza kofi ɗaya ki zuba babban cokali ɗaya na ruwan khal na tuffa. Khal yakan yi shekaru bai ɓaci ba saboda tsaminsa. In lemun tsami za ki sa, bari sai za ki sauke. Romon kuwa ki zuba a farantin ƙanƙara ki daskarar, ki riƙa ɓallo wanda kike buƙata har wata uku.

Batun sanyi: riguna marasa kauri biyu ko uku a jere sun fi babbar riga ɗaya riƙe ɗumi, ki kuma rufe kai, wuya da ƙafa. Ɗakin zama kada ya gaza digiri 18. Hukumar lafiya ta Ingila tana ba da shawarar shan bitamin D mikrogiram 10 kullum a watannin sanyi, masu baƙar fata irinmu ma duk shekara, domin ranar can ba ta wadatar da fatarmu. Man kaɗanya bayan wanka zai hana kaushi, farfesu da citta da masoro kuma su ɗumama jiki.

Abu ɗaya nake roƙonki da babbar murya: kada ki kunna gawayi a cikin gida kamar yadda ake sa kasko a ɗaki lokacin hunturu. Gidajen can a toshe suke ruf, kuma gawayi yana fitar da iskar guba mara wari da ke kashe mutum cikin barci. Ki tabbata akwai na'urar gano wannan iska kusa da tukunyar ɗumama gidan, ki riƙa gwada batirinta.