Amsa ga ɗan'uwan da ƙaninsa ya faɗo a wurin gini

Ɗan'uwa, sannu, Allah ya ba ƙanin naka lafiya. Ka ce lebura ne, katakon da yake tsaye a kai ya karye ya faɗo daga hawa na biyu, ya karye a ƙugu da hannu. Ɗan kwangilar ya biya kuɗin asibiti na kwanakin farko, yanzu kuma ya zo da wasu kuɗi da takarda yana so a sa hannu a rufe magana. Tambayarka ita ce ko yana da wani haƙƙi, tunda kullum ake sallamarsa kuma ba shi da takardar ɗaukar aiki.

Kada ya sa hannu yanzu. Na yi shekaru a wannan sana'a, tun daga ɗaukar kwanon kankare har na kai ga kula da ma'aikata, kuma abin nan ya taɓa faɗa mini. Bulo ya kuɓuce daga sama ya same ni a kafaɗa. Cikin sati biyu aka kawo mini kuɗi da takarda, ina cikin matsi, na karɓa na sa hannu. Bayan watanni sai ga shi ba na iya ɗaga hannun ya wuce kaina, likita ya ce sai an yi aiki. Da na koma wurinsu, takardar nan suka nuna mini, a ciki na amince ba ni da sauran abin nema. Karayar ƙugu ba a sanin ƙarshenta a wata ɗaya. Sai ƙashi ya haɗe, likita ya duba ya ce ga iya inda zai warke, sannan ake sanin ko mutum zai sake hawa gini. Duk kuɗin da aka yanka kafin wannan lokacin, cinikin biri a sama ne. Idan suna so su taimaka da kuɗin magani da na cefane, ya karɓa, amma a rubuta cewa somin-taɓi ne, ba sallama ba.

Hanyoyin neman diyya a yawancin ƙasashe biyu ne, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Ta farko ita ce diyyar raunin aiki, wadda ba ruwanta da neman mai laifi. Muddin a bakin aiki ka ji ciwon, kana da haƙƙi, ko da kai ne ka yi kuskuren taku. Jamus ce ta fara kafa irin wannan tsari da dokar inshorar haɗari ta 1884, saboda kafin nan sai ma'aikaci ya tabbatar wa kotu laifin maigidansa, abin da talaka ba ya iyawa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara abin da ya kamata tsarin ya ƙunsa a yarjejeniyarta mai lamba 121 ta 1964: kuɗin magani, wani kaso na albashi yayin jinya, biyan naƙasa idan ta zauna, da tallafin iyali idan rai ya yi halinsa. Amfaninta shi ne sauri da rashin jayayya kan laifi. Naƙasunta kuma, ba ta mayar da albashi cikakke, galibi ba ta biyan raɗaɗi da wahalar da aka sha.

Ta biyu ita ce ƙarar sakaci a kotu. A nan sai ka nuna cewa wani yana da alhakin kare ka, bai yi ba, kuma rashin yin ne ya jawo raunin. Tana ɗaukar lokaci, amma abin da ake samu ya fi yawa, domin ana lissafa abin da mutum zai rasa na samu nan gaba. A Amurka, yawanci wanda diyyar aiki ta shafa ba zai kai maigidansa ƙara ba, a Ingila kuwa yana iya kaiwa idan akwai sakaci. To amma ga inda aikin gini ya bambanta da sauran ayyuka, kuma nan ne mutane suke asara: wurin gini ba mutum ɗaya ke da shi ba. Akwai mai ginin, akwai babban ɗan kwangila, akwai ƙananan 'yan kwangila na rodi da na katako da na wuta, akwai wanda ya ba da hayar injin. Wa ya kafa abin hawan da ya karye? Wa ya kawo katakon? Wa ya kamata ya duba shi da safe? Sau da yawa ba wanda ke biyan leburan ba ne, kuma a wasu ƙasashe wannan na gefen ana iya kai shi ƙara ko da an karɓi diyyar aiki. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 167 ta 1988 kan tsaron lafiya a aikin gini ta ɗora wa babban ɗan kwangila nauyin haɗa kan matakan kariya idan masu aiki daban-daban suka taru a wuri ɗaya. Saboda haka idan ya ce maka "ba yarona ba ne", maganar ba ta ƙare a nan ba.

Batun rashin takarda kada ya karya muku gwiwa. Kotuna a wurare da yawa suna duba yadda aikin yake a zahiri: wa ke cewa a zo ƙarfe kaza, wa ke raba aiki, kayan aikin na wa ne, wa ke biya. Littafin da ake kiran suna da safe, saƙon waya, shaidar tura kuɗi, abokan aikin da suka gan shi kullum, duk hujja ne. Za su kuma ce bai sa hular kwano ba ko bai ɗaura igiya ba. Ku tambaya, an ba shi? An nuna masa inda zai maƙala ta? Ko da an samu nasa sakacin, a dokoki da yawa rage diyyar ake yi gwargwadon laifinsa, ba a soke ta.

Abin da ya fi damuna a labarinka shi ne lokaci. Tun ran gini ran zane. Wurin gini yana sauya kama cikin kwanaki, katakon da ya karye ana iya jefar da shi ko a ƙone, leburorin da suka ga faɗuwar su watse zuwa wasu ayyukan. Yau ɗin nan ka samu wanda zai ɗauki hoton wurin da abin hawan, ka rubuta sunaye da lambobin waɗanda suke wurin. A sanar da mai aikin a rubuce, da kwanan wata, ku riƙe kwafi. A tabbatar likita ya rubuta a fayil cewa a bakin aiki abin ya faru, a kuma faɗa masa duk inda ke ciwo, har da baya da kai, domin ciwon da ba a rubuta da wuri ba shi ake musantawa daga baya. Rasit ko na ƙwayar magani ɗaya ne a ajiye.

Wa'adi kuma ya sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila shekara 3 ne na shigar da ƙarar rauni. A Najeriya, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce a sanar da mai aiki cikin kwana 14. Wanda ya bari wa'adi ya wuce yana iya rasa komai ko da gaskiyarsa a fili take.

Ku nemi lauyan da ya saba da shari'ar ƙwadago ko ta rauni, ba kowane lauya ba. In babu hali, akwai ƙungiyar ma'aikatan gini, da ofishin ƙwadago, da hukumomin ba da agajin shari'a kyauta. Wasu lauyoyin suna yarda a biya su daga abin da aka samu, sai dai a rubuta kason tun farko. Ban ce lallai sai an je kotu ba, sulhu yakan fi sauƙi, kuma ɗan kwangilar da ya kai shi asibiti ya yi abin kirki. Amma a yi sulhun bayan rahoton likita ya fito, da wanda ya san doka a zaune.

Ka ɗauki hoton takardar nan ka kai wa lauyan kafin ku sake zama da su, ka kuma tambayi ɗan kwangilar ko yana da inshorar ma'aikata, da sunan kamfanin inshorar.