Zauren Kanikawa: Kuranshaf da Boris a Tsohon Honda C70

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na gāji babur ɗin mahaifina, Honda C70, wanda ya yi shekara goma sha a jingine a zaure. Kafin a ajiye shi yana wani ƙwanƙwasa daga ƙasan inji. Mun buɗe shi, bakanike ya ce a sa sabon fistan da ringi kawai a rufe. Hankalina bai kwanta ba. Yaya zan gane ko kuranshaf ɗin na da sauran rai?
— Mai karatu daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kana da gaskiya. Fistan da ringi maganin hayaƙi ne da rashin ƙarfi, ba sa taɓa ƙwanƙwasar ƙasa. Tunda an riga an buɗe, kada a rufe sai an raba injin biyu an fito da kuranshaf a hannu, wato ƙarfen da ke mayar da hawa da saukar fistan su zama juyawa.

A fara wanke shi tas da kalanzir, a bar shi ya bushe. Tsohon baƙin mai da ya daskare yana cike gurbin da ƙarfe ya cinye, sai ka ji abu daram alhali ya gama aiki.

Kuranshaf na C70 ba ƙarfe ɗaya ba ne. Faifai biyu ne aka matse da fin a tsakani, kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistan da kuranshaf, na juyawa a kan fin ɗin bisa ƙananan rola. Nan ne ƙwanƙwasa ta fi fitowa. Ka ɗago kwanrod sama, ka riƙe shi a tsakiyar faifan biyu, ka ja sama ka danna ƙasa a miƙe. Bai kamata ka ji komai ba. Iyakar da Honda ta yarda da ita milimita 0.05 ce, wadda ba ta kai kaurin takardar rubutu ba, don haka duk "ƙas-ƙas" ɗin da yatsa ya iya ji ya riga ya wuce ƙa'ida. Motsin gefe da gefe kuwa dole ne, kada ya tsorata ka. Ana auna shi da siraran ƙarafan awo irin na gyaran bawul: sabo yakan ba da 0.10 zuwa 0.35, idan ya kai 0.60 an gama da shi.

Ka kuma dubi launin gindin kwanrod da kyau a hasken rana. Shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa mai duhu alamar ya taɓa yin zafi ne babu mai, kuma ƙarfen da ya ƙone haka ba ya dawowa. Babur da ya daɗe a ajiye yana da wata cutar daban: laima kan sa tsatsa ta ci fin a daidai inda rola suka kwana. Idan kana juya kwanrod a hankali ka ji yana ɗan cijewa a wuri guda, ita ce. A saman kwanrod kuma, fin ɗin fistan mai milimita 13 ya shige sumul da ɗigon mai, ba tare da girgiza ba.

Sai lanƙwasar kuranshaf. Ido ba ya ganinta. A kai wa masu tana, wato masu injin sassaƙa ƙarfe, su ɗora shi a kan ƙarafa masu bakin V, su sa agogon awo a kowane gefe suna juyawa. Allurar kada ta yi rawa fiye da 0.10. Kuranshaf mai lanƙwasa shi ke cinye sabon boris cikin ƴan watanni, ya riƙa yaga oyil sil na wajen magineto.

Idan gindin kwanrod ya tafi, ko dai a sayi kuranshaf gaba ɗaya, ko a sayi kwanrod da fin da rola tare a matse su da fires, wato injin matse ƙarfe. Wanda zai matse ya tabbata ramin mai na jikin fin ya yi daidai da hanyar mai ta faifan dama. Kuskuren nan kaɗai ya isa ya kashe sabon aiki a rana guda.

Abin da muka fi so ka riƙe shi ne sanadin. Man da ke zuwa gindin kwanrod yana bi ta cikin murfin kuloci, inda juyawa ke tace datti ya manne a bango. Cire sukurorin murfin nan ka gani: za ka tarar da baƙin laka mai tauri kamar kwalta. Idan ya cika, dattin kai tsaye yake wucewa cikin rola. A kankare shi, a wanke ƴar ragar tace mai ta ƙasan inji, a hura hanyoyin mai duka.

TAMBAYA: Boris biyun da ke jikin kuranshaf suna juyawa lafiya. Dole ne in canza su?
— Wani ɗan koyo daga Maraɗi

AMSA: Ɗan'uwa, juyawa ba ita ce shaida ba. Wanke su, ɗiga mai, ka juya a hankali da yatsa kana danna zoben waje. Idan ka ji kamar yashi, ko gurnani, ko zoben na karkata, sun tafi. Kada ka wulwula su da iskar kwamfuresa a bushe, lalata su kake yi. A inji mai wannan shekaru, shawararmu a canza su kawai, kuɗinsu bai kai wahalar sake raba inji ba.

Lambarsu 6304, amma ka karanta abin da ke rubuce a jikin naka, kuma ka sayi buɗaɗɗu marasa murfin roba domin mai ya ratsa. A gefen hagu sai an zare giyar sarƙar taimin kafin boris ya fita. Yi mata alama da faifan tukuna, don idan ta koma a karkace taimin ba zai taɓa zama daidai ba. Ɗumama sabon boris cikin mai zuwa kamar digiri 100, sai ya shige da sauƙi. In za a tura, a tura ta zoben ciki da bututun ƙarfe daidai girmansa. Ka leƙa mazauninsa a jikin injin ma: idan wurin ya yi sheƙi kamar madubi, tsohon boris ya daɗe yana juyawa a ciki, kuma sabon ma ba zai kama ba sai an gyara mazaunin.