Tauraro yana nuna alama kafin ya fashe?

Tambaya: Malam, a dararen hunturu nan Garwa ina ganin wani jan tauraro kusa da taurarin nan uku da ke jere. An ce Betaljus ne, wai ya kusa fashewa. Ana ganin alama kafin hakan? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗalibi, shi ne kuwa. Amma "kusa" a bakin masana taurari tana iya kai shekara 100,000.

Tauraron da ke irin wannan fashewa, wato sufanoba, sai wanda ya ninka rana nauyi sau 8 ko fiye. Yakan yi miliyoyin shekaru yana mayar da haidurojin zuwa hiliyam a cibiyarsa. Idan haidurojin ya ƙare, cibiyar ta matse ta ƙara zafi, jikin kuma ya kumbura, ya huce, ya yi ja. Da za a ajiye Betaljus a mazaunin rana, da ya haɗiye duniyarmu har da duniyar Mas.

Daga nan ne abin ke sauri. Cibiyar takan koma haɗa wasu sinadarai ɗaya bayan ɗaya don samun makamashi, tokar wannan ta zama makamashin na gaba: hiliyam yakan ɗauki ɗaruruwan dubban shekaru, kabon ɗaruruwa, niyon kamar shekara, oksijin watanni. Silikon kuwa, kwana guda ko 'yan kwanaki. Kowane mataki yana barin tokarsa a kan na ciki, har cikin tauraron ya zama ɓawo kan ɓawo kamar albasar Marwa, baƙin ƙarfe a tsakiya. Ƙarfe ba ya ba da makamashi in an haɗa shi, sai dai ya sha. Cibiyar sai ta rufta a cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, tauraron ya fashe.

Matsalar ita ce duk wannan a ciki yake, fatar tauraron ba ta saurin nunawa. Shi ya sa da Betaljus ya dushe a ƙarshen 2019 aka yi ta hayaniya, ashe ƙura ce ya feso ta kare haskensa. Wasu taurarin dai suna zubar da iskar gas mai yawa a shekarunsu na ƙarshe, an ga shaidar haka a sufanobar 2023 a tarin taurari na M101. Launi ma ba abin dogaro ba ne: wanda ya fashe a Fabrairun 1987 shuɗi ne.

Ni alamar da na fi yarda da ita ita ce ƙwayoyin niyutirino, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ba a gani da ido, waɗanda ke fitowa daga cibiyar idan ta rufta. A fashewar nan ta 1987 na'urar Kamiyokande ta Japan ta kama su sa'o'i kaɗan kafin a ga hasken fashewar.