Tambaya da Amsa: Motar Rimot da Hoton Babur a Iskar Jos

Yawancin wasiƙun wannan watan daga masu babura suka fito, irin waɗanda in sun kafe mashin sai su ɗauki ƙaramar motar rimot ko kyamara. Ga huɗu daga ciki.

Assalamu alaikum. Ni bakaniken babura ne a Bukuru. Yayana ya aiko mini da motar rimot mai injin nitro, wato mai shan mai maimakon batir, daga Legas. A can lafiya lau take gudu, amma tunda ta iso Jos sai hayaƙi, ba ƙarfi, in na ja totur ta shaƙe ta mutu. Ko injin ne ya samu matsala a hanya?

Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya a ce injin ne. Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, Legas kuwa a bakin teku take. Iskarmu ta fi tasu rashin kauri da wajen kashi 11 cikin ɗari. Kaburetar tana ba da mai gwargwadon saitin Legas, iskar da za ta ƙone shi kuma ta ragu, shi ya sa mai ya rinjaya. Abin da ka sani ne a babur idan fulogi ya fito baƙi ƙirin da kunkunniya.

Ka tayar da ita ka yi ta zagaye a hankali na minti uku zuwa huɗu har injin ya ɗau zafi, don saitin da aka yi wa inji mai sanyi ba ya zama. Sai ka je kan babbar allurar saitin mai ta kabureta, wadda tiyon mai yake shiga ta gefenta. Juya ta dama, yadda hannun agogo ke tafiya, shi ne rage mai. Kada ka wuce kashi ɗaya cikin takwas na zagaye a lokaci guda. Ka sake ta ta yi tsawon fili sau biyu ko uku da cikakken totur, ka saurari kukan injin, sannan ka ƙara idan da buƙata.

Wurin tsayawa shi ne abin lura. Wannan inji ba shi da baƙin mai a ƙasa kamar babur. Man da ke shafa fistin a gauraye yake cikin man da yake sha. Duk ragin da ka yi wa mai, ka rage masa shafawa ke nan. Saboda haka dole siririn hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya ci gaba da fita daga salansa idan ta miƙe. Da zarar hayaƙin ya ɗauke, ko ka ji injin yana yankewa a tsakiyar gudu, ka wuce gona da iri, ka mayar da allurar hagu nan take. In ba haka ba fulogi zai ƙone, fistin ya cinye silinda, matsi ya tafi, kuma wannan sai sabon kaya. Idan kana da ma'aunin zafi, ka auna kusa da fulogi: digiri 100 zuwa 120 ya yi daidai.

Ƙaramar allura ita ke kula da tashi daga tsaye. Gwajinta mai sauƙi ne. Injin yana silo, ka matse tiyon mai da yatsu kusa da kabureta. Idan kukan ya ɗan tashi ya mutu bayan daƙiƙa uku ko huɗu, ka bar ta. Idan ya daɗe bai mutu ba, mai ya yi yawa. Idan ya mutu nan take, mai ya yi kaɗan.

Saitin safiyar Disamba ba zai yi maka aiki da azahar ba, domin iska mai sanyi ta fi kauri, tana son ƙarin mai kaɗan. Ƙurar hunturu kuma ita ce babbar abokiyar gabar wannan inji. Soson da ke tace iska a wanke shi bayan kamar awa ɗaya na gudu, ya bushe sarai, a ɗiga masa man soso a murza har ya ratsa ko'ina. Kada ka tayar da ita ba soso ko na minti ɗaya. Galan ɗin man ma ka riƙa rufe shi gam, don sinadarin metanol da ke ciki yana zuƙar ruwa daga iska, musamman da damina. Fetur ba ya aiki a wannan inji sam.

Batirin motar rimot ɗina nau'in LiPo ne, 2S 5000mAh. Ya kumbura kamar burodi bayan wata biyar. Nakan cika shi duk lokacin da aka kawo wuta in ajiye, tunda ba a san ranar dawowarta ba. Zan iya huda shi iskar ta fita? Daga Unguwar Rogo.

Don Allah ɗan'uwa kada ka huda shi. Hudawa na iya haɗa abin da ke ciki ya kama da wuta a hannunka, wutar da ke da wuyar kashewa. Wannan batirin ya gama aiki. Ka fita da shi tsakar gida nesa da kaya, ka sa shi cikin bokitin ƙarfe mai yashi, ka jona masa ƙwan sigina na babur domin ya zuƙe sauran wutar, ka bar shi har ƙwan ya mutu, ka ƙara masa kwana guda a jone. Bayan nan ne za a iya zubar da shi.

Abin da ya kashe shi shi ne wannan cikawa da ajiyewa. Mun fahimci dalilinka, amma LiPo ba ya jure zama a cike. Kowane ɗaki na batirin yana cika a bolt 4.2, naka mai ɗaki biyu (ma'anar 2S ke nan) a 8.4 yake cika. Idan zai kwana fiye da biyu ba a yi amfani da shi ba, a sauke shi zuwa 3.8 kowane ɗaki. Caja irin iMAX B6 tana da wurin da aka rubuta Storage, ita za ta yi wannan da kanta. Ta ɓangaren ƙasa kuma kada ɗaki ya sauka ƙasa da 3.3, ka duba cewa na'urar ESC ta motar, wadda ke sarrafa wutar da batir ke ba inji, tana kan saitin LiPo, domin ta yanke wuta kafin a kai nan.

Wajen caji, amfiya 5 ita ce iyakar batir mai 5000mAh idan ana son ya daɗe, kuma kullum a jona ƙaramin farin soket ɗin nan mai wayoyi uku, shi ke daidaita ɗakunan biyu. A yi cajin a kan siminti, ba kan katifa ko kafet ba, kuma kana wurin.

Maganar rashin wuta tana da mafita. Irin wannan caja tana karɓar bolt 12 kai tsaye, don haka ranar da za ka fita sai ka cika daga batirin mota. Kada ka yi da na babur: ƙarami ne, caji ɗaya zai kusa tsotse shi, ka zo tashi sitata ta ƙi.

Ƙannena suna fita da baburansu ranar Lahadi, ni ke ɗaukar su hoto da kyamarar Canon mai gilashi 18-55. Ko dai babur ya fito kamar a kafe yake, ko hoton duka ya dishe. Yaya ake yi babur ya fito tas, bayansa yana gudu? Daga Rayfield.

Malama, sirrin yana cikin saurin ƙiftawar kyamara da kuma ƙugunki. Ki juya maɓallin sama zuwa Tv, inda ke za ki zaɓi saurin ƙiftawar da kanki. A 1/1000 na daƙiƙa komai daskarewa yake, har waya-wayar taya, shi ya sa babur ke fitowa kamar a kafe. Ki fara da 1/125 ga mai tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a awa. Idan hannunki ya faɗa, ki sauka 1/80, sannan 1/60. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya tsaya a 100, saitin gani ya koma AI Servo domin ya riƙa bin abin da ke motsi, ki kuma kunna ɗauka a jere.

Ki tsaya kamar mita 10 zuwa 15 daga inda zai wuce, ƙafafunki suna fuskantar daidai wurin da kike son ɗauka, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Ki murɗa ƙugu zuwa inda yake tahowa, ki ɗora ɗigon saiti a kan hular kwanonsa, ki danna rabi, ki biyo shi. Yana zuwa gabanki ki danna duka, kuma kada ki tsaya. Ki ci gaba da binsa har ya wuce. Yawancin dishewa daga tsayawar nan take, mutum na danna maɓalli sai hannunsa ya daskare. Ko gwanaye sukan zubar da mafi yawan abin da suka ɗauka, don haka kada ki karaya.

Da tsakar rana 1/60 zai sa haske ya yi yawa, ki ga lambar f, mai nuna girman ƙofar haske, tana ƙyaftawa a 22. Tabarau mai rage haske, ND8, zai dawo da ke wajen f/8. Na gilashinki yawanci mai faɗin milimita 58 ne, amma ki duba lambar a bakinsa. In babu, ki bari sai bayan la'asar. Ki nemi baya mai duwatsu ko itatuwa, domin sararin sama ba ya nuna gudu. Hazon hunturu yana tausasa haske a jikin tanki, sai dai yana shafe duwatsun Shere gaba ɗaya. In kina son su fito a baya, ƙarshen damina ya fi. Kada ki canza gilashi a fili cikin ƙura. Muna kuma roƙonki ki guji kwanonin Hawan Kibo, manyan motoci na saukowa da kaya, ba wurin tsayawa ba ne.

Na ɗaura wayata a kan hannun babur ina ɗaukar bidiyo daga Jos zuwa Riyom. Yanzu kyamarar tana rawa, ba ta kama hoto. Me ya faru? Daga Farin Gada.

Malam, girgizar inji ce. Gilashin kyamarar waya mai hana rawar hannu a rataye yake kan 'yan siraran wayoyi da maganaɗisu, girgiza mai tsawo kuma tana gajiyar da su. Kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi a kan haka a 2021, cewa kada a ɗaura iPhone a kan babura masu babban inji. Sake saitin waya ba zai gyara ba, sai mai gyara ya canza kyamarar ɗungurungum. Nan gaba wayar ta zauna a aljihu, bidiyo kuma a yi shi da ƙaramar kyamara irin GoPro a ɗaure a ƙirji, inda jikinka zai shanye girgizar kafin ta kai gare ta.